Shekarar da Muka Cinye Shaidarmu

Ƴaƴana, kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ya ci naman sa har ya suɗe yatsu, sa'an nan ya ɗauki takarda ya tafi gidan shari'a neman a biya san. Ban taɓa musanta wannan magana ba, domin babu ƙarya a cikinta. Abin da ya ɓace shi ne jerin abubuwan. Na yi rabin rayuwata ina karanta labarai a gidan rediyo, kuma babban abin da aikin ya koya mini shi ne mutum na iya faɗin gaskiya huɗu su taru su zama ƙarya, in ya ɗauko ta ƙarshe ya sa ta a gaba. Don haka zan jera muku su yadda suka zo.

Shekarar da na ajiye aiki ce. Ni da mahaifiyarku muka kwaso littattafai da tukwane muka bar Tawa, muka dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Madawa da Galma, muka shiga sashen da wana Illa ya gyara mana a gidan mahaifinmu. Illa ya girme ni da shekara bakwai. Bai taɓa zama a aji ba, shi ya riƙe hauya ni na riƙe alƙalami, kuma da geron da ya noma aka tura ni karatu. Mutum ne mai sakin hannu, mai son a gan shi yana bayarwa. Yana da amalanke da shanu biyu ke ja, ɗaya fari, ɗaya ja irin na Azawak, kuma da rani wannan amalanke ke ciyar da gida: ya ɗauko albasa daga fadama, ya kai bulo, ya kai ruwa. A majalisar ƙofar maigari ba a yin hira ta tashi Illa bai ce "shanuna" sau uku ba. Matarsa Hasiya, wadda kuke ce wa Inna Babba, abokiyar wasata ce tun ranar da aka kawo ta gidan. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Mai Labarai, kuma takan ce Hausar bakina an wanke ta da sabulu har ɗanɗanonta ya fita.

A wancan lokaci akwai wata farar mota mai rufaffen baya da ke bin hanyarmu sau biyu a mako. Motar koli ake ce mata, wato mai kai ƙunshin saƙonni. Takan ɗauko kaya daga Yamai da Ƙonni, ta sauke a Madawa, ta wuce Buza da Keita: wayoyin da mutane suka saya daga nesa, atamfofi, magunguna, da kwalayen da ƴan cin rani ke aiko wa iyayensu. Kowa ya san ƙararta. Wata ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗibar albasa, Illa ya loda buhuna ya hauro daga fadama zuwa bakin hanya, daidai inda take karyawa ta bi gefen ƙorama. Motar ta ɓullo daga kwanar, direban bai gan shi ba sai da ya zo kusa. Ya taka birki, tsakuwa ta ja motar, gabanta ya bugi jan san ta baya. Amalanke ya kife. Illa ya faɗa cikin albasa, ya tashi babu abin da ya same shi sai gwiwar hannu da ta goge.

Ina zaune ina karatu na ji ƙarar. Kafin in isa, rabin gari ya riga ni. San yana kwance, ƙafafun baya duka biyu sun karye, numfashinsa na fita da ƙyar. Sarkin fawa ya durƙusa ya ɗaga fatar idonsa ya duba, ya juya wajen liman.

"Malam, in za ka yanka ka yanka. Wanga sa ba ya kai azahar."

A nan ne zan faɗi laifina, tun da ba wanda zai faɗa muku shi daidai. Shekara da shekaru ina karanta wata sanarwa a rediyo, cewa idan hatsari ya auku kada a taɓa kome, kada a gusar da kome, sai jandarma sun zo sun auna sun rubuta. Ni na fassara ta daga Faransanci, har na yi gardama da shugabana a kan ko "gusar" ya fi "kawar" dacewa. Wannan safiya na naɗe hannun rigata na kama ƙafar san ta gaba, na danne, liman ya yi bisimilla. Ko kalma ɗaya ta sanarwar ba ta zo mini a rai ba. Abin da ke raina shi ne abin da ke ran duk wanda aka haifa a nan: dabba mai nama tana dab da zama mushe, kuma barin haka hasara ce da abin kunya.

Direban sunansa Garba, saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba. Ya buga wa ofishinsu waya, suka ce kada ya motsa motar, ya kira jandarma. Ya yi biyayya, motar ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Ba wanda ya ce masa kome game da san. Da maigari ya iso aka zauna a inuwar gawo, Garba ya cire hula ya tsuguna gaban Illa.

"Baba, ku yi mani aikin gahwara. Ban gan ku ba sai da na zo bisanku."

Illa ya dubi jama'a, ya gyara zama.

"Tashi, yaro. Kai ka halicce shi? Kwana nai na ya ƙare. Ga maigari, ga liman, na yahe duniya da lahira."

Aka yi ta cewa madalla. Ni ma na ce madalla, da muryar da kuka sani.

Daga nan garinmu ya nuna abin da ya iya. Kafin azahar an feɗe san, an yi watanda, wato an kasa naman kashi-kashi kowane gida ya ɗauki ɗaya ya ba da abin da aka saba, don kada mai dabba ya tashi hannu wofi. Mata suka tsince albasa har ƙwaya ta ƙarshe. Maza suka tayar da amalanke suka tura shi gida. Wata tsohuwa ta zo da ƙwarya ta rufe jinin da rairayi, ta share wurin tas. Aka kai Garba zaurenmu, aka ba shi ruwa, sa'an nan aka kawo hanta gasassa da yaji da albasar da ta faɗo daga amalanken. Ya ci, Illa ya ci, ni ma na ci. Ba zan ɓoye muku ba, ta yi daɗi.

Jandarma biyu suka iso bayan la'asar, sun fito daga wani aiki a hanyar Buza. Babban ya zagaya motar, ya ciro igiyar awo, ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina dabbar?"

Maigari ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, tana bisa wuta."

Na matsa in yi bayani. Ina buɗe baki ya gane muryata.

"Malam, ba kai ne ke ce muna kada a taɓa komi ba?"

Na ce ni ne. Sai ya rubuta abin da idonsa ya gani, kamar yadda aikinsa ya ce: mota mai fasasshiyar fitila da lotsattsen gaba, hanya a share, babu dabba. Wannan takarda ita ake kira konsta, kuma a kanta ake gina duk wata maganar biya. Samarin gari suka miƙo wayoyinsu don taimako. Akwai hoton motar ta kowane gefe, akwai hotunansu sun jingina da ita, akwai hoton kason nama a jere bisa tabarma. Babu wanda ya ɗauki hoton san tun yana sa.

A gidan duka mutum ɗaya ne bai ci naman ba, kuma ban lura ba sai washegari. Ina shan kunu da safe Hasiya ta shigo sashenmu, ta kifa turmi ta zauna a kai.

"Mai Labarai, karanta mani labarun jiya."

"Ai kin fi ni sani."

"A'a. Na ji an ce mai sa ya yahe. Ni kuwa ban tuna na buɗe baki ba."

Ta ba ni tarihin san, ni da nake zaune birni ina jin "shanuna" ina gaskatawa. Da gabu ta fara. Bayan an ɗebe albasa takan bi fadama ta tattara ganyen da aka watsar, ta daka, ta cura, ta shanya, ta kai kasuwa. Gabu ya zama kaji, kaji suka zama akuya, awaki suka zama tumaki, tumaki suka zama ɗan maraƙi. Ta ba wani Bafulatani mai suna Jaɓɓo ya haɗa da garkensa, bayan damina uku ya dawo mata da shi ya zama sa. Shekara goma sha ɗaya ke nan daga curin gabu na farko. Farin na Illa ne da gaske. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, dabbobi da yawa da maza ke korawa na mata ne, kowa ya sani rabi-rabi, kuma ba a faɗa a majalisa. Abin da watanda ta tara ba zai wuce sayen ɗan maraƙi ba, amalanke kuwa ba ya tafiya da sa ɗaya.

"Ba ni son a ɗaure ɗan mutane," in ji ta. "Sana nike so."

Na bayyana mata cewa kowace mota irin wannan tana da asiransi, wato inshora. Masu motar suna biya duk shekara saboda rana irin ta jiya, kuma in aka bi hanya, can za a biya ta, ba daga aljihun Garba ba. Ta juya maganar a ranta.

"Wato abin yana can ajiye yana jirana, mu muna nan muna yahewa?"

Na sami Illa a bayan gida yana tufka igiya. Na zagaya, na zagaya, na zo kan magana. Bai ɗaga kai ba.

"Na hwaɗi gaban maigari. So kake in koma in ce jiya barci nike?"

"Yaya, ba kai za ka ce kome ba. Mai san ce za ta yi magana."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya dube ni yadda bai taɓa dubana ba.

"Wato ka tahi Madawa ka rubuta ma gwamnati Illa ba ya da sa."

"Kana da farin."

"Yaron ga ya ci abinci cikin zaurena. Ba a kai baƙo ƙara."

"Ba shi za a kai ba. Asiransi za a nema."

"Shi Asiransin ɗan wane na? In ya biya, wa za a gaisar?"

Kwana uku ina auna abin. A gefe ɗaya ga mutumin da ya yi mini noma har na zama abin da na zama, kuma abin da nake shirin taɓawa shi ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a gaban tsaransa. A ɗaya gefen ga shekara goma sha ɗaya na dakan gabu, waɗanda aka yi kyauta da su a inuwar gawo ba a tambayi mai su ba, ni kuma ina riƙe da ƙafa ina cewa madalla. A rana ta huɗu na zauna na rubuta takardar neman biya da sunan Hasiya, na karanta mata, ta dangwala yatsa. Daga wannan rana Illa ya daina yi mini magana kai tsaye. Bai yi faɗa ba, bai hana ni gaisuwa ba, yakan amsa yana kallon katanga. Sauran magana sai ta hannun mata. In aka kawo masa fura sai ya ɗaga murya yadda zan ji:

"A tambayi lauyan gidan ga ko an yarda in sha, ko ita ma ta wani ta."

Mata su yi dariya, ni ma in yi. Amma fiye da wata biyu muka yi a haka, muna kwana gida ɗaya, kuma ban taɓa jin nauyin wani abu kamar wannan ba.

Na tafi Tawa ofishin asiransin. Na sami wani mutum mai ladabi, ya ba ni kujera, ya karanta takardata har ƙarshe, sa'an nan ya ɗaga yatsu uku. Na ɗaya, konsta ba ta ambaci dabba ba. Na biyu, rahoton masu motar ya ce wanda aka ce shi ne mai dabbar ya yafe. Na uku, a cikin takardar da na rubuta da hannuna na ce liman ne ya yanka san.

"Malam, mu mota muka ɗauki nauyinta, ba wuƙa ba."

Na yaba masa a raina, domin da ni ne a kujerarsa haka zan tsara maganar. Na dawo Madawa na shigar da ƙara a gidan shari'a. Magatakarda ya ce in zo da abin da zai nuna abu uku: cewa an yi san, cewa motar ce ta karya shi, kuma cewa na Hasiya ne.

Muka shiga neman abin da ya rage daga shaidar da muka cinye. Ƙirgin, wato fatar san, bai ba mu wuya ba. Sarkin fawa ya sayar wa wani majemi a Galma, muka same shi busasshe ba a taɓa shi ba, ga tambarin garken Jaɓɓo a cinya, ga inda gashi ya goge da ɗan farin fenti a manne. Ƙashi ne aiki. Hasiya ta ɗauki kwano ta bi gida-gida tana sallama tana tambaya wa ya samu ƙafar baya a watanda. Mako uku sun wuce, mafi yawan gidaje suka ce ta tambayi karnuka. Sai a gidan wata tsohuwa, Tabawa, wadda ba ta zubar da ƙashi sai ta tafasa shi sau uku. Ta ciro shi daga rufin ɗaki a naɗe cikin tsumma, amma ta riƙe.

"Saura miya biyu cikin nai. Alƙali shina ba ni miya?"

Sai da Hasiya ta musanya mata da busasshen kifi ta sake shi. Likitan dabbobi na Madawa ya juya ƙashin a hannu, ya nuna mini inda gatarin mahauci ya sara, a miƙe, da inda ya farfashe daga gefe kamar an taka kara. Ya rubuta, ya buga hatimi. Jaɓɓo kuwa aka aika masa can wajen duwatsun Keita. Ya zo da ƙafa, ya tsuguna gaban ƙirgin ya shafa shi, ya faɗi sunan uwar san da na kakarsa, ya ce na Hasiya ne, Illa dai yana kora shi.

Abin da ya rage shi ne bakin direba, kuma shi ne muka rasa. Motar koli ta ci gaba da wucewa, amma wani ne ke tuƙa ta. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, Garba ya sauko da ƙunshin sukari da ganyen shayi ya kawo wa Illa gaisuwa. Ya rame. Ina zaune a ƙarshen zauren, Illa na can gefe ya ba ni baya kamar kullum. Da aka tambaye shi aiki, Garba ya sunkuyar da kai ya ce an dakatar da shi tun makon hatsarin. Shugabanninsa sun karanta konsta sun ga mota ta lotse, babu dabba, babu wanda ya fito neman hakki a lokacin. Suka yanke cewa gyangyaɗi ya yi ya bugi icce, ya ƙirƙiro labarin sa don ya kare kansa. Da takardarmu ta iso daga baya, sai suka ce haɗa baki aka yi da shi.

"Na ce masu kun yahe mani, Baba. Sunka yi dariya. Sunka ce babu wanda ke yahe sa guda ga zamanin ga."

Illa ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Sun ce babu?"

"Haka sunka ce."

Na dubi Illa. Na ga abin yana shiga shi ta hanyoyi biyu: baƙon da ya ci abinci a zaurensa yana zaune babu aiki saboda tsabtar da muka yi wa hanya, kuma wasu mutane a Yamai sun ɗauki kyautar da ya fi alfahari da ita a rayuwarsa sun ce ba a yi ta ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, karo na farko tun ranar igiya.

"Kai. Yaushe na zaman naku?"

Zaman sulhu ne, a ofishin alƙali, ba a babban ɗakin shari'a ba. Ga mutumin asiransi, ga wakilin masu motar, ga Garba, ga Jaɓɓo da sandarsa, ga Hasiya, ga ni. Illa ya sa babbar rigarsa ta Salla. Muka shimfiɗa ƙirgin a ƙasa, muka ɗora ƙashin bisa tebur. Alƙali ya dubi kayan, ya sa aka buɗe taga. Ya karanta takardar likita, ya saurari Jaɓɓo, ya saurari Garba. Wakilin masu motar ya sunkuya ya kankare fentin da farce, ya duba, ya koma ya zauna. Mutumin asiransi ya maimaita maganar wuƙa. Alƙali ya sa tafinta ya tambayi Illa, da ba a yanka san ba, da ya rayu?

"Da ya mutu mushe, ranka shi daɗe, kun iske shi bisa hanya kun auna. Mu ba mu san gawa kunka hi so ba."

Alƙali ya rufe baki da hannu yana ɓoye murmushi. Sa'an nan ya ce yankan bai kashe hakki ba, rage hasara ya yi, don haka za a cire kimar naman da aka ci, sauran kuwa yana wuyan mai motar. Ya juya takarda.

"Saura magana ɗaya. An rubuta nan cewa ka yafe a gaban shaidu. In san naka ne, magana ta ƙare, babu biya. Naka ne?"

Kun san Illa bai iya ƙarya a gaban hukuma ba, kuma bai iya ƙasƙantar da kansa ba. Ya dubi fankar da ke juyawa a sama. Ya dubi Garba. Bai dubi Hasiya ba, ita ma ƙasa take kallo. Ni dai na san kalma ɗaya daga bakinsa za ta mayar da mu gida da ƙirgi da ƙashi, kuma babu wanda zai zarge shi a majalisa.

"Ranka shi daɗe, abin da na yahe na yahe, ba ni komawa. Gwiwar hannuna da ta goge, da albasata da ta watse, da tsoron da na ji. Sa kuwa na uwargida na. Ni direba na kurum, kamar yaron ga."

Tafinta ya fara fassarawa dariya ta ƙwace masa, sai da ya sake daga farko. Hasiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, masu dangwalawa suka dangwala. Kafin mako biyu Garba ya koma kan motarsa, kuma har ya bar wannan hanya bai taɓa wuce ƙofarmu bai danna odar motarsa ba.

Biyan bai zo da sauri ba. Sau huɗu ina komawa Tawa, damina ta sauka ta ɗauke, sai bayan an kai gero rumbu aka kira Hasiya. Amma labarin zaman ya riga mu isa gida tun ranar. Kafin magariba majalisa ta raɗa wa Illa suna, Direban Hasiya, kuma da shi aka kira shi har ƙarshen ransa. Yakan yi dariya ya rama, domin a cikin masu tsokanarsa akwai uku da ya san asalin tumakinsu, kuma ya fara faɗa. Sai dai ban ƙara jin ya ce "shanuna" ba. Tsakanina da shi magana ta dawo, hira ta dawo, amma wani abu bai dawo ba. A da ba ya sayar da buhu ko ya ɗaura auren ɗiya sai ya tambaye ni. Bayan wannan shekara sai in ji abu an gama. In na yi ƙorafi ya ce gara haka, kada ɗan rediyo ya kai shi Madawa. Da wasa yake faɗa, kuma da gaske yake. Abin da na biya ke nan, ban ce kaɗan ba ne, kuma da za a sake da na sake rubuta takardar.

Ranar kasuwar Madawa Hasiya ta tafi kara, inda ake cinikin shanu, da kanta, ita da Jaɓɓo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa aka buɗe bakin shanu bakwai kafin ta zaɓi wani baƙi mai dogayen ƙafafu. Ya fi farin tsawo da kusan taƙi guda, don haka in aka ɗaura su amalanke yakan karkata gefe ɗaya kamar hular ɗan gaye. Illa ya zagaya shi sau biyu ya ce an cuce ta. Ta ce in ya tashi sayen nasa sai ya nemi ragi.

Washegari da sassafe ina alwala na gan shi ya je ƙofar ɗakinta, igiya a kafaɗa. Ya yi sallama kamar baƙo, ya ɗan rusuna.

"Uwar ɗakina, a ba mu sa mu tahi aiki?"

Hasiya ta leƙo da ludayi a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗauka ka tahi. Amma in wani ya buge shi, ka aiko a kira ni kahin ka yi kyauta."